Jan Bokitin Auta

Ranar da Ɗan Tela ya fara ganin Auta, wandonsa na zamewa yana riƙe da shi da hannu ɗaya, ita kuma tana fama da wani jan bokiti da ya kusa kai ta tsayi. Shekararsa tara, ita bakwai. Ya yi mata murmushi, ta yi masa gwalo. Har gobe yana cewa ba a taɓa yi masa tarba mai kyau irin wannan ba.

Famfo ɗaya ne a titinsu, gidaje kuwa sun haura arba'in. Ruwa ba ya zuwa sai hantsi, don haka tun da sassafe kowane gida ke ajiye bokiti a jere, mutum ya tafi sabgarsa, bokiti ya tsaya masa. Kowa ya san na kowa. Na mai wanki ya lotse ta gefe, na mai aski mariƙinsa waya ce, na gidan Tela an ɗaura masa ƙyalle. Mai kula da layin shi ne mahaifin Auta, Baba Heluma, wanda ya shekara talatin yana jera ma'aikata a masaƙa. Ya bar aikin, jerawar ce ba ta bar shi ba. Dokarsa guda ce: wanda ya fara ajiyewa shi ke fara ɗiba.

Auta kuwa Allah ya hore mata barci. Kafin ta fito da bokiti layi ya kai ƙofar mai faci, kafin a zo kanta ruwa ya ɗauke. Sai Ɗan Tela, mai sammako, ya riƙa ɗauke jan bokitin ya sa a gurbinsa, ya mayar da nasu can ƙarshe. Kullum ya koma gida da rabin ruwa, kullum ya sha faɗa, har titi ya raɗa masa suna Na-Baya. Baba Heluma kuwa ya ga bokitin gidansa a gaba ya gyara tsayuwa. "'Yar nan ni ta gado," in ji shi.

Wata safiya ya kama yaron da bokiti biyu a hannu. Ya murɗe masa kunne a gaban jama'a, ya kira shi ɓarawon layi. Ɗan Tela bai ce uffan ba, don in ya yi magana asirin Auta zai tonu.

Bayan shekara ashirin kowane gida ya samu famfonsa, kuma Ɗan Tela ne ke gyara su duka. Auta ta zama malamar firamare. Famfon gidan su Auta ya riƙa ɗiga sau biyu a mako, abin da har yau masana ba su gano dalilinsa ba.

"Jan Bokitina, kin tashi, ko in tura mai faci ya buga miki ƙarfe?" Ɗan Tela ya rubuto mata a waya.

"Na-Bayana, na tashi tun ɗazu. Ka zo, famfo ya sake lalacewa. Ni na lalata shi."

Ana cikin haka wani injiniya ya ɓullo neman auren Auta, da motar da in ta shigo titin sai mai wanki ya kwashe shanyarsa. Baba Heluma ya ji daɗin mutumin, don yana zuwa kan lokaci. Da magabatan Ɗan Tela suka je nema masa aurenta, ya sallame su da magana ɗaya.

"Baba ya ce wanda ya ci amanar bokiti zai ci amanar mace," Auta ta rubuto. "Me ya hana ka faɗa masa gaskiya? Ko auren ne ba ka so?"

"Ina so kamar in mutu. Amma shekara ashirin yana alfahari da sammakonki. Ba ni zan ƙwace masa ba."

Kwana uku ba ta amsa ba. Ɗan Tela ya rikice har ya sa wa mai wanki kan famfo a juye, ruwa ya wanke shi tas.

A rana ta huɗu ta iske mahaifinta a benci gaban shagon mai aski, ta durƙusa.

"Baba, ban taɓa yin sammako ba. Ko sau ɗaya."

"To wa ke kai bokitinmu gaba?"

Mai aski ya ajiye almakashi. "Haba Heluma. Ka taɓa ganin ɓarawon layin da ake kira Na-Baya? Wurinsa yake ba ta, ya koma ƙarshe. Bai tsallake kowa ba. Duk titin nan mun sani, kunyarka muka ji."

"Uwarsa ta ƙarar da tsintsiya biyu a bayansa," in ji mai wanki.

Baba Heluma ya dubi wurin da tsohon famfon yake. Sannan ya sa aka kira masa Ɗan Tela, wanda ya zo da sifana a hannu, yana zaton gyara ne.

"Injiniyan nan yaushe ya zo?" ya tambayi 'yarsa.

"Bara, Baba."

"Wannan fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun ina shekara bakwai."

"To ai babu shari'a. Wanda ya fara ajiyewa." Ya dubi kunnen Ɗan Tela. "Yana ciwo har yanzu?"

"Sai in za a yi ruwa, Baba."

Aka ɗaura aure a titin, gidaje arba'in da ɗoriya suka fito da kujerunsu. Cikin kayan amarya, tsakanin sabbin tukwane, ga jan bokitin nan, ya koɗe, mai faci ya liƙe masa gindi. Baba Heluma da kansa ya miƙa wa ango.

"Ga shi, ka riƙe mata wuri kamar yadda ka saba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu sammako."

Jama'a suka ce amin. Mai aski ya ce a ƙara addu'a, don abin na iya bin ɓangaren uwa.

Ya kuwa bi. 'Ya'yansu huɗu, duk sai an tashe su. Ɗan Tela, da sanƙonsa da tumbinsa, shi ke fara tashi a gidan, kuma shi ke wanka a ƙarshe, da abin da ya rage na ruwan zafi. In aka kira shi Na-Baya a titi, amsawa yake da ƙarfi, kamar sarauta aka ba shi.