Fuskokin Gidan Ajimi

Na san Ajimi tun yana shiga keke napep zuwa ofis, don haka kada wani ya ce min tsautsayi ne ya faɗa masa. Da ƙafarsa ya je.

Manaja ne a wani ƙaramin kamfanin talla a Maiduguri. Shi ke tsara bidiyon da ake ɗora wa 'yan kasuwa a intanet, ya jera su a manhaja, kowanne da ranar fitarsa. Ya iya aikin, amma tallansa ba ya tafiya. Mutum talatin su kalla, biyu su danna, su ma danginsa ne. Wani zai sake dabara. Shi kuwa Ajimi boka ya nema.

Da rana tsaka ya isa, can bayan gari a bakin kogi. Ɗakin ba taga. Kawunan awaki rataye a bango, wasu ba su gama bushewa ba, ƙudaje na bin su. A tsakiya akwai baƙar tukunya tana tafasa, ba wuta a ƙarƙashinta.

"Wushe, Baba," Ajimi ya gaishe shi da Barbarci. "So nake duk abin da na ɗora, duniya ta tsaya ta kalla."

"Za ta kalla," in ji boka. "Amma fuskar da za ka sa a tallan, sai wadda ke ci a tukunyar gidanka."

"Shi ke nan? Nawa zan biya?"

"Riƙe kuɗinka. Mutane su kalla, na cikin tukunyar nan ma ya kalla."

"In ya kalla fa?"

"Ka zo neman arziki ne ko tambaya?"

Ajimi ya miƙa masa hannu, kuma wannan ne har yau ke ba ni haushi. Boka ya damƙi babban yatsansa ya tsaga da aska har ƙashi, ya matse jinin a kan wayarsa, ya tsoma ta cikin tukunyar. Ta fito a bushe.

Da matarsa Fanna ya fara. Ta ɗaura lafaya, ta yi tallan turaren wuta tana murmushi. Cikin kwana biyu mutum miliyan suka kalla. Manyan 'yan Kasuwar Litinin suka yi layi a ofishinsa. Ya sayi mota, ya koma gidan bene a Wulari. Wata uku bayan haka Fanna na gaban kasko ta fasa ihu, "Yana kallona!" Wani abu da ba a gani ya danna fuskarta cikin garwashi, mata huɗu suka kasa ɗago ta. Ba ta kai la'asar ba.

Ajimi ya yi kuka, ya ce iskokai ne. Bayan sadakar arba'in ya sa ƙaninsa Habib, da ke zaune a gidansa, a tallan huluna. Bayan mako biyu kacal Habib ya ɗauki adda ya sare hannun mai gadi, yana cewa idanu sun cika gidan. Da sarƙa aka fitar da shi.

A nan ne Ajimi ya daina yi wa kansa ƙarya, ya koma wajen boka.

"Bidiyon da ya fita ya fita," in ji boka. "Wanda bai fita ba, ka tare."

Saura bidiyo ɗaya a jere, na 'yarsa tilo Muhsinat, ɗalibar jami'a, tana tallan shagon wayoyin wani Ikechi. Juma'a ƙarfe sha biyu zai fita. Ajimi ya goge shi daga manhaja, daga waya, daga kwamfutar ofis, ya kulle yarinyar a ɗaki. Abin da ya manta shi ne ƙa'idar aikinsa: ba a jera talla sai an tura wa mai kaya ya gani ya amince.

Yana fitowa daga masallaci Ikechi ya kira. "Oga Ajimi, ka manta ne? Na jira ban gani ba, na sa da kaina. Yana gudu sosai!"

Ajimi ya isa shagon kamar mahaukacin bijimi. Ya kama Ikechi ya buga kansa da gilashin kanta, jini ya wanke wayoyin, ya tattake wayar Ikechi da ƙafa. Amma dubban mutane sun riga sun tura wa dubbai. Da ya ƙwace daga hannun jama'a ya isa gida, ƙofar ɗakin na nan a kulle yadda ya bar ta. Muhsinat na kwance rub da ciki, an murɗe mata wuya, fuskarta na kallon sama.

Yanzu yana yawo a Gamboru cikin tsumma. In ya ga mutum na kallon waya sai ya fizge ya rotse ta da ƙasa, a taru a lakaɗa masa duka, ya tashi ya nemi wata. Bidiyon kuwa yana nan yana yawo, waɗanda ba su sani ba suna rubuta cewa yarinyar ta iya murmushi.

Kai da ke ƙorafin kasuwarka ba ta ja, ka ji tsoron Allah, ka haƙura da ɗan abin da ka samu da guminka. Boka ba ya kyauta. In ya ce ka riƙe kuɗinka, to mutanen gidanka ya riga ya zaɓa, kuma da hannunka za ka miƙa su.