Yatsun Barira

"Ƙara nutsa su, Habibty. Har wuyan hannu."

Barira ta cije leɓe, ta tura hannayenta cikin kwanon ruwan ƙanƙarar.

"Yaya Khalil, zafi..."

"Sanyi dai."

"Ni da nake ji na ce maka zafi."

Ibrahim Khalil ya yi murmushi, idonsa na kan agogo. Ɗan Kano ne, yana zurfafa karatun likita a wani asibitin koyarwa a nan Guangzhou, ƙasar China. Yana da farin gilashi wanda ba na ciwon ido ba, da birori jere a aljihun gaba, ɗaya ne kawai yake rubutu.

"Fito da su."

Ta fito da su. Cikin yatsun ya yi fari fat kamar kyandir, can ya koma shuɗi. Shi kuwa har lumshe ido yake.

"Masha Allah... Wallahi ke ta daban ce!"

Wannan maganar ce ta cinye ta tun bara.

Babanta, Alhaji Maidaji, kwanukan samira da filas da tocila yake lodawa zuwa Kano. Bayan rasuwar mahaifiyarta ya taho da ita ta riƙa yi masa tuwo, ya ce ba zai ƙare rayuwarsa a kan shinkafar da ba gishiri ba. Sanyin garin kuwa jiƙaƙƙe ne, ya shiga bango ya shiga ƙashi, gidajen ba abin ɗumama ɗaki. A nan yatsunta suka fara mutuwa suna farfaɗowa.

Duk Juma'a Hausawan unguwar Xiaobei, waɗanda a lokacin tabarma biyu ta ishe su, a ɗakin Alhaji suke cin abinci. Nan ta zuba wa Khalil ruwan wanke hannu, ya ga yatsun, ya kasa cin tuwon.

Tunda take, ba namijin da ya taɓa kallon hannunta haka. Ta ɗauka so ne.

Alhaji ya yi magana, ba ta ji ba.

"Shekara guda yana juya miki hannu kamar mai sayen atamfa, ko fanadol bai taɓa ba ki ba. Wannan likita ne ko ɗan duba?"

Aka leƙo ɗakin awon aka ce Farfesa Liang, shugaban binciken da ake yi a kan ciwon yatsunta, yana neman Khalil. Ya fice da sauri, ya bar ta tana hura yatsu.

Sai ga ƙarar takalmi, ƙwas ƙwas ƙwas.

Ummu Salma ce, 'yar ƙanwar mahaifiyar Khalil. Ita ma ɗaliba ce, sunanta ke bin nasa a kan binciken. Ita Hajiyarsa take so ya aura, shi kuma yana ta jan ƙafa. Shekara uku tana China, amma Turancin Landan take yi, garin da ko a mafarki ba ta taɓa sauka ba.

"Oh, Barira. Actually, ina tausayinki."

"Na gode. Allah Ya bar tausayi."

"Kin san ran Alhamis manyan likitoci za su zo daga Beijing? Ke za a nuna musu. Duk garin nan ke kaɗai ce baƙar fata mai wannan ciwon. Ba ke, ba bincike, ba digiri." Ta gyara mayafi. "Shi ya sa ake lallaɓa ki, you know. Kowa yana lallaɓa kazar da take masa ƙwai."

"To, Allah Ya ba kazar lafiya."

"Lafiya?" Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Maganin yana durowarsa tun bara, dear. 'Yar ƙwaya ce, tana buɗe jijiyoyin jini. In ya ba ki, yatsun suka daina fari, me zai nuna wa mutane?"

Barira ta ci gaba da hura yatsunta.

Ummu Salma ta gama tsara abinta. Yarinyar da ko sakandare ba ta ƙarasa ba, za ta yi kuka, ta cire rai da auren Khalil, ran Alhamis kuma ta zo ta miƙa hannu, don irinsu ba su iya cewa a'a ba. Tsari ne mai kyau. Barira kawai aka manta ba a tambaya ba.

Da Khalil ya rako ta tashar bas, ta dube shi a sanyaye.

"Yaya Khalil, wai ciwon nan yana da magani kuwa?"

"Bayan Alhamis, Sarauniya. Akwai wata ƙwaya da zan fara ba ki."

"Sabuwa ce? Yanzu aka gano ta?"

Da ya yi shiru, da ya tsira. Amma Khalil bai iya jin tambaya ya bar ta ta wuce ba.

"Haba, ai ta daɗe! Tun kafin in shiga jami'a ake amfani da ita. Kin gane, yadda take aiki shi ne..."

Ya yi ta bayani, har da zane a iska.

Ita kuwa ta tuna asubahin da ta yi alwala ta kasa ɗaura zani, ta zauna tana kuka. Ta tuna ranar da wuƙa ta yanke ta ba ta ji ba, sai jini ta gani a kan albasa. Ta tuna safar hannun da ya hana ta sawa, wai kada ta ɓata masa awo.

Bas ta tsaya.

"Kar ki sa safa fa, kar ki shafa komai," ya ce. "Ina son su yadda suke."

"Na sani," ta ce. "Yanzu na sani."

Tanti Habsatou, matar wani ɗan kasuwa daga Maraɗi, a hawan ƙasa da su take. Mace ce da ta yarda ta baro danginta, amma ba ta yarda ta baro buhun lallenta ba.

"Tanti, dungulmi nake so. Yatsu da tafi gaba ɗaya. Baƙi."

"Ke ɗiyar ga! Dungulmi cikin sanyin ga? Lalle sanyi gare shi, ga hannunki dama ba lafiya ba. Wuya za ki sha!"

"Na saba. Shekara guda ina sha, ba ko ado."

Tanti ta ƙura mata ido.

"Wa ke aure?"

"Ba aure ba ne. Biki ne dai, na wasu likitoci."

"Bon. Miƙo hannun."

Aka kwaɓa lalle, aka dumbuza mata, aka ƙunshe a leda tun hantsi har la'asar. Yatsun suka mutu a ciki. Hawaye na bin kumatunta, Tanti na cewa a kwance, tana girgiza kai. Washegari aka maimaita. Aka bi da gishirin lalle da toka, hannu ya koma baƙi siɗik, farata kamar an tsoma su a tawada.

Barira ta ɗaga su tana kallo.

Abu ɗaya take son sani. In ya ga hannun nan, fuskarta zai kalla ko yatsun?

Abin haushin, can ƙasan ranta, roƙon Allah take ya kalli fuskar.

Ran Alhamis zauren taron asibitin ya cika da fararen riguna. Ga kwanon ƙanƙara a kan tebur, ga kyamara, ga na'urar da ake hango ƙananan jijiyoyin gindin farce da ita. Khalil ya sha kwat, yana zuba Sinanci. Ummu Salma na gefe da 'yar sanda tana nuna hotuna a allo, duk na yatsun Barira ne. Ko ɗaya ba fuska.

Aka kira ta. Ta hau, ta zauna.

Ya hango safar, ya ɗaure fuska, ya sunkuyo.

"Habibty, safa kuma? Me na ce miki?"

"Sanyi ake, Yaya Khalil."

Ta cire ta dama a hankali, yatsa bayan yatsa. Ta cire ta hagu. Ta shimfiɗa hannayen a ƙarƙashin fitila.



Wata tsohuwar likita ta miƙe zumbur, kujerarta ta faɗi. Wani ya dafe kai. Mutanen nan ba wanda ya taɓa ganin dungulmi a cikinsu. Abin da suka sani, in yatsun mai wannan ciwon suka yi baƙi haka, to sun ruɓe, sai yanka.

Farfesa Liang ya taso yana yi wa Khalil ihu da Sinanci.

"Me ka yi mata? Me ka yi wa yarinyar nan?"

Barira ba ta yi makarantar Sinanci ba, nata na kasuwa ne, wanda ake cinikin kifi da shi. Amma ya isa.

"Laoban," ta ce da Farfesa, yadda take kiran masu shago, "shekara guda yana sa min su a ƙanƙara. Magani kuwa, meyo. Babu."

"Na shiga uku ni Ummu!" Turancin Landan ya kama gabansa. "Wallahi ƙunshi ne! Ƙunshi ne 'yar banzar ta yi!"

Khalil ya hau rantsuwa da Sinanci, rini ne, ganye ne, al'ada ce, yanzu zai fita. Ummu Salma ta miƙo masa kwalbar sifirit da auduga. Ya fizgi hannun Barira ya hau gurza.

Ta bar shi.

Ta zuba wa fuskarsa ido tana jira.

Ya gurza da auduga, ya gurza da bandeji, ya sa farcensa yana kankarar gindin nata. Fatar ta ɗaye, jini ya tsattsafo.

"Yaya Khalil..."

"Tsaya mana! Kar ki motsa!"

"Khalil, jini nake."

"Ki daure, ya kusa... Wane irin jahilci ne wannan? Kin san abin da kika ɓata min?"

Bai ɗago ba. Ko sau ɗaya.

Ta zare hannunta.

"Lallen Maraɗi ne," ta ce. "Na fata sai ya ga dama. Na farce sai farcen ya tsufa an yanke shi. Ka huta."

Tsohuwar likitar ce ta zo ta karɓi hannun, ta shinshina, ta danna yatsa ta ga da rai. Ta wanke ciwon ta ɗaure. Sannan ta juya ga Khalil, ta yi masa tambaya ɗaya a gaban kowa: da gaske bai taɓa ba ta magani ba?

A karon farko a rayuwarsa, Khalil ya bar tambaya ta wuce.

Aka dakatar da binciken a ranar. Barira ta fito da ƙwayar a jaka, tsohuwar ce ta ba ta da hannunta. A cikin bas ta sa kanta a jikin gilashi ta yi kukan da ba ta yi a zauren ba. Wata mai sayar da lemo ta miƙo mata guda ɗaya, ta karɓa, ta ce shiyeshiye, na gode ke nan da Sinanci.

Ummu Salma ta koma Kano kafin sanyi ya wuce. An ce a can ma Turancin bai dawo daidai ba.

Khalil kuwa sai da gari ya fara ɗumi ya iya hawa benen su Barira. Ba kwat, ba gilashi, ya rame. Alhaji Maidaji ya tare ƙofa.

"Malam ɗan duba, yau kuma hannun wa?"

"Baba, ka bar shi," in ji Barira daga ciki.

Ya durƙusa a bakin tabarma. Ya ce ya yi kuskure. Ya ce Farfesa ya ce sai in ita ta yafe za a sake duba maganarsa, amma wallahi ba don haka ya zo ba. Ya ce ya faɗa wa Hajiyarsa ba zai auri kowa ba sai ita. 

"Barira, ba na barci... Ke ce rayuwata. Ki tausaya min."

Zuciyarta ta karye, ba ƙarya. Wannan ce muryar da ta so shekara guda. Ta buɗe baki, kalmar tana kan harshenta.

Ta miƙa masa kofin shayi.

Ya sa hannu zai karɓa, idonsa ya sauka a kan faratanta, inda sabon fari ya tsiro daga gindi ya ture baƙin zuwa sama. Fuskarsa ta washe.

"Ashe ya kusa fita..."

Barira ta ajiye kofin a ƙasa. Ta tashi, ta wuce shi, ta leƙa matattakala.

"Tanti Habsatou!"

"Na'am, ɗiyata?"

"Jiƙa mana lalle."