Ranar da Aka Ɗaga Taron Iyaye

Kai, ku matso ku ji labarin da aka ba mu yau a aji!

Wai a wata makaranta aka sa 'yan mata biyu su rubuta wa kwamfuta umarnin fitar da katin gayyatar iyaye, kowacce kati arba'in, don ɗalibai su tafi da su gida in an tashi. Ta farko ta yi ta buga "Asabar" a cikin kowace jimla. Ta biyu kuwa sau ɗaya tak ta rubuta ranar, can sama a kilas, wato wurin da duk katunan ke ɗaukar abin da suka yi tarayya a kai. A cikin jimla sai ta bar gurbi mai suna "rana".

"Ke, har yanzu kina layi na uku?" in ji ta farko. "Ni ina na talatin!"

Ana haka sai ga Malama Hansatu: "'Yan mata, an ɗaga taro zuwa Litinin."

Ta biyu ta goge kalma ɗaya, ta buga ɗaya, katunanta duka suka koma Litinin. Ta farko ta goge ta buga, ta goge ta buga, ga saura minti goma a kaɗa ƙararrawa.

Malama ta ce wa ta biyu, "Kin gama, je ki abinki."

Ta ɗauki jaka, har ta kai bakin ƙofa sai ta ji shessheƙar ta farko. Ta dawo ta ja kujera.

"Matsa mini, sarauniyar sauri. Hau can sama, rubuta Litinin sau ɗaya, sai mu sa gurbin rana a cikin jimla kamar nawa."

Wallahi ranar Asabar ko uba ɗaya bai zo ya tarar da makaranta a kulle ba!