Jar Motar Baba da Ruwan Inna

Allurar zafin inji ta sake hawa ja.

Ina kallonta, Shunpei yana kallonta. A daidai lanƙwasa ta tara ta hanyar dutsen, inda ta saba yi mana haka, tururi ya fara fita ta gefen bonet. Ya gangara bakin titi ya kashe inji, ya kifa goshinsa a kan sitiyari.

"Karo na goma sha ɗaya ke nan, Chizuru."

"Za ka gano matsalar, masoyi..."

"Saura kwana shida."

Na kama hannunsa mai baƙin mai. Ban taɓa jin ba ni da amfani kamar ranar ba.

Ni kaɗai ce 'yar Baba Kuramochi mai gareji. Duk wanda ya aure ni zai ɗauki sunan gidanmu ya gaji garejin, shi ya sa Baba yake duba masu nemana kamar yadda yake duba tsohon inji. Shunpei ya yi shekara huɗu yana aiki a hannunsa, amma ranar da ya durƙusa ya nemi aurena, Baba ya taɓe rabin bakin da ciwon shanyewar jiki ya bar masa.

"Ɗan masunta, mai gyaran injin kwalekwale, shi zai ci sunana?"

Sai ya nuna jar motar nan mai kujera biyu da sandarsa. A cikinta ya ɗauko Inna tana amarya shekara talatin da suka wuce, kuma tun ina ƙarama motar take zafi, shi kansa bai taɓa gano dalili ba.

"Ranar farko ta Obon, lokacin ziyarar magabata, ka hau da ni dutsen nan zuwa kabarin matata a cikin wannan. Lanƙwasa goma sha uku. Idan ta kai, ka ɗauki 'yar da garejin. Idan ta tsaya, ka tattara sifanoninka ka koma bakin teku."

Wata uku Shunpei yana fama. Ya canza murfin lagireto, ya canza fanbel da tiyo. Ƙaramin bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya kuwa a tukunyar miyata ya dafa shi don ya ga ko yana buɗewa, har yau ban yafe masa tukunyar ba. Sau biyu yana wanke lagireton tas. Motar takan yi lafiya mako biyu har mu fara murna, sai ta koma gidan jiya.

Ni ban san kan inji ba. Abu ɗaya na iya, shi ma Inna ce ta bar mini.

A bayan wurin bautar garinmu akwai marmaro mai ɗumi da ake ɗiba don neman tsari. Duk farkon wata Inna takan ɗebo kwalba ɗaya ta cika lagireton da shi a ɓoye, don motar ta dawo mata da mijinta lafiya. Tana kwance a asibiti ta damƙa mini aikin.

"Kada babanki ya ji. Shi bai yarda da abin da sifana ba ta kamawa ba."

Da na ga Shunpei yana ramewa, sai na daina jiran farkon wata. Duk safiyar da motar ta kwana da ƙarancin ruwa, ina can kafin a buɗe gareji, ina zubawa ina roƙo.

Noriyuki ne ya gan ni. Ɗan dillalin sababbin motoci ne, kullum yana zuwa gaida Baba da kankana a kwali mai ƙyalli, idonsa rabi a kaina rabi a kan filin garejin. Bai tambaye ni komai ba, ya wuce wajen Shunpei.

Washegarin karo na goma sha ɗaya, na kawo wa Shunpei dunƙulen shinkafa, na tarar da shi zaune a ƙasa, ya yanka tsohon tiyo gida biyu. Cikinsa fari fat, ya daskare kamar kanwa.

"Me kike zubawa a motar nan?"

Bai jira amsata ba.

"Noriyuki ya ce ya gan ki da kwalba. Ya ce idan mace ba ta son mutum, ba sai ta faɗa da baki ba." Ya ajiye tiyon. "Da kin ce in tafi, Chizuru, da na tafi. Ba sai kin sa na yi wata uku ina zargin hannuna ba."

"Ni? Ni ce ba na son ka?"

"To mene ne a kwalbar?"

"Ruwan marmaro ne... na tsari. Don kai nake zubawa."

Ya dube ni. Sannan ya kankaro farin abin da farce ya ɗora mini a tafin hannu.

"Kin taɓa duba bakin bututun marmaron nan? Haka yake fari. Ruwan akwai gishirin dutse a cikinsa, idan ya tafasa sai ya kwanta ya toshe hanya. Ina wankewa kina mayarwa."

Rashin sani ya fi dare duhu. Na zauna a kan tsohuwar taya ina kuka.

"Tun yaushe?" ya tambaya a hankali.

"Ni shekara biyu. Inna kuma... tun tana amarya."

Ya rufe ido.

"To ba lagireto kaɗai ba ne, har cikin injin ya toshe. Sai an sauke shi an jiƙa, aikin mako uku ne."

"Bari in je in gaya wa Baba, zai ƙara maka lokaci."

"A'a." Ya riƙo hannuna. "Tsohon nan motar da hoton Inna kaɗai suka rage masa. Ki je ki ce masa matarsa ce ta yi shekara talatin tana lalata ta? Ki bar shi a kaina, abar ƙaunata."

Kwana biyar yana ɗura maganin wanke inji yana zubarwa, farin ruwa yana fita kamar ba zai ƙare ba. Ni dai miƙo bokiti, karɓi bokiti.

Ranar Obon rana ta buɗe da zafin Agusta. Muka ɗaga Baba muka sa shi a kujerar gefe. Na bi su a baya da ƙaramar motar kayan gareji, furanni da turare da kwalbar marmaro ta wanke kabari suna gefena. Noriyuki ma ya biyo mu a farar motarsa, wai ko za a buƙaci taimako.

Daga baya babu abin da nake iya yi sai kallo. A lanƙwasa ta bakwai na ga sun sauke gilasai, na gane Shunpei ya kunna hita don ta janye zafin injin zuwa cikin motar. Suna gasuwa su biyu a ciki.

Suka wuce ta tara.

Suka wuce ta goma, ta goma sha ɗaya.

A ta goma sha biyu, ana hango rufin maƙabartar, jar motar ta gangara gefe ta yi shiru.

Na fito da gudu na tarar Baba yana dukan ƙasan motar da sanda.

"Taka mana. Lanƙwasa ɗaya ta rage, taka."

"Ba zan taka ba, maigida. Za ta kai, amma injin zai tsage, ba za ta sake tashi ba." Shunpei ya zare makulli ya miƙa masa da hannu biyu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Na kasa. Gobe zan tattara kayana."

Noriyuki ya buɗe ƙofar motarsa yana murmushi.

"Baba, zo in ƙarasa da kai, nan akwai sanyi."

A nan haƙurina ya ƙare. Na ɗauko kwalbar na durƙusa a kan kwalta mai zafi, na faɗa wa Baba komai, tun daga farkon watannin Inna har safiyoyina. Shunpei yana girgiza mini kai, ban kula shi ba.

Baba ya karɓi kwalbar da hannunsa mai lafiya ya ɗaga ta a rana. Farin gari yana kwance a gindinta.

"Sau huɗu na sauke injin nan," ya ce. "Sau huɗu ina ganin farin nan ina zagin mai sayar mini da maganin lagireto. Ashe matata Sumie ce..."

Kafaɗunsa suka fara rawa. Na kasa gane dariya yake ko kuka, sai da na ga hawaye yana bin ɓarin fuskar da ba ya motsi.

"Kai ka sani?" ya tambayi Shunpei.

"Kwana biyar ke nan, maigida."

"Ka yi shiru, ka yarda in kore ka?"

Shunpei ya sunkuyar da kai.

Baba ya share fuska da hannun riga. Ko kallon farar motar bai yi ba.

"Ɗan masunta, kana da baya ko hannu kaɗai gare ka?"

Haka Shunpei ya goya shi ya hau lanƙwasa ta ƙarshe da ƙafa, ina biye da furanni, Baba yana mita wai ana jijjiga shi fiye da motar.

A gaban dutsen kabarin ya sa aka sauke shi. Ya buɗe kwalbar da haƙori ya tsiyaye ruwan a kan sunan Inna har ɗigon ƙarshe.

"Nan ne wurin ruwanki, tsohuwa, ba lagiretona ba. Motarki tana ƙasa, lafiyarta ƙalau, yaron nan ya ƙi kashe ta."

Ya jawo hannun Shunpei ya ɗora a kan jiƙaƙƙen dutsen, ya ɗora nawa a sama.

"Gaishe ta mana," ya ce masa. "Ka faɗa mata sunanka."

Shunpei ya buɗe baki, muryarsa ta ƙi fita.

"Ni zan faɗa mata," in ji Baba. "Sumie, ga Kuramochi Shunpei."