Rijiyar da Murtala Ya Rufe

Murtala Zubair shi ne shugaban ma'aikatan wani kamfanin iri da taki a Funtuwa, kuma tun daminar bara mutanensa ba sa ga maciji da juna. Sai ya yanke shawarar ya kwashe su su bar gari, su ci a kwano ɗaya, kowa ya amayar da abin da ke ransa.

Otal bai kwanta masa ba. Ya zaɓi gidansu na gado a wajen Gozaki, ya sa aka share aka yi fenti. Akwai tsohuwar rijiya a tsakar gida, daidai inda yake son kafa rumfa, sai ya sa aka rufe bakinta da siminti. Matarsa Mero ta ce a tambayi dattawa tukuna. Ya ce lokaci ya ƙure.

Taro ya fara da kyau. Madam Glory mai kula da sito har ta yi dariya da Shitu direba, bayan watanni ba sa gaisawa. Murtala ya ji sanyi a ransa.

Rana ta yi ja, ana shirin alwalar magariba, sai tsuntsaye suka yi tsit. Dutse ya faɗo bisa rumfa. Wani dutsen ya biyo, jiƙe sharkaf, da gansakuka a jikinsa. Daga ƙarƙashin tabarmin da suke zaune aka ji ƙwanƙwasa, a hankali, kamar mai neman a buɗe masa.

"Oga, mene ne a ƙasan nan?" in ji Glory.

Kafin ya amsa, 'yarsa Maijidda, wadda ta zo taya uwarta girki, ta saki tiren shinkafa ta zube. Da ta ɗago, idanunta sun juye.

Aka ɗauko Malam Maiwada mai ruƙiyya daga Malumfashi. Ya durƙusa kusa da kanta yana karatu, har ta dubi Murtala ta buɗe baki da muryar tsoho.

"Ka tara jama'arka ka sasanta su, ka toshe tawa a rami. Wa ka tambaya?"

"Bai sani ba," in ji Malam. "Yarinyar ba ta da laifi. Fita."

"A yanka mini rago."

"Ba a yanka sai don Allah. Za a buɗe maka ƙofarka."

 Sai muryar ta ce, "Da hannunsa."

Murtala ya cire babbar riga, ya ɗauki guduma a gaban ma'aikatansa, ya yi ta duka har tafinsa ya fashe. Da simintin ya rufta, Maijidda ta yi atishawa mai ƙarfi, ta kira sunan uwarta.

Da ya waiwayo, Shitu ya riga ya tada mota, kowa na ciki.

Ranar Litinin ya tarar da su kansu a haɗe, abin da ya daɗe yana nema. Magana ɗaya ce a bakinsu: Oga ya kai su ƙauye ne ya miƙa wa aljanunsa don ƙarin girma, Allah ya juyar da abin kan 'yarsa. Ya yi sallama, aka amsa ƙasa-ƙasa. Ya miƙa wa Shitu hannu, Shitu ya dubi hannun, ya tura nasa cikin aljihu.