Gawar da Ta Aika Babi

A kan kujerarsa aka tsinci Farfesa, an shaƙe shi da wayar fitila, idanunsa a buɗe. Na'urar sanyaya ɗaki ta mayar da ofishin kamar firji, har likita ya kasa faɗin lokacin mutuwar.

Sai dai kwamfutarsa ta aika wa maɗaba'a babin ƙarshe na littafinsa da la'asar. Ke nan yana raye a lokacin, kuma sakatariyarsa kaɗai ke benen. Aka tsare baiwar Allah, da tsohon cikinta.

Abin ya ƙi kwanta wa Sufeto. Shi dai ba ɗan boko ba ne can, amma kukan matar ya tsaya masa a rai. Ya kai mata babin inda take tsare a bayan kanta.

"Aikinsa ne wannan?"

Ta bi ƙasan shafukan da yatsa, sai ta janye hannu kamar ta taɓa wuta.

"Ranka ya daɗe, ibid ne nan!"

"Wane ne kuma Ibid?"

"Ba mutum ba ne. Idan ka ambaci littafi a ƙasan shafi, ka so maimaita shi, sai ka taƙaita da ibid. Farfesa ya tsane shi kamar mutuwarsa. Cewa yake maɓoyar ɓarayi ce."

Sufeto ya koma ofishin shi kaɗai. Kundayen ɗalibai jere har rufi, duk wanda ya buɗe an zagaye ibid da jan biro. Ɗaya kuwa ya yi jajawur, an rubuta a bangonsa: babu waɗannan littattafan a duniya. Kundin mataimakin Farfesa ne.

Ya same shi a ɗakin malamai, can sama da ofishin Farfesa.

"Ina kake da la'asar, Dokta?"

"Ina tsaron jarrabawa. Ɗalibai shaida ne."

"Da hantsi fa?"

"Ban ma hau benen ba."

Sufeto ya ajiye babin, ya ɗora kundin a kai. "Kwamfuta ana sa mata lokacin aika saƙo, yarana sun tabbatar. Amma wa ya sa mamaci rubuta abin da ya tsana?"

Dokta ya daɗe yana kallon jan rubutun.

"Digirina zai sa a ƙwace," ya ce. "Babin bai ƙare ba, dole na ƙarasa don a ɗauka yana raye. Wallahi da farko cikakke nake rubutawa, don yana gefena yana kallon allon. Sai da na juya fuskarsa bango na iya taƙaitawa. Da zan fita na tarar ya zame a kujerar ya juyo, yana kallona."

Aka sa masa ankwa. A matakala ya roƙi kurtu kada a bi da shi ta ƙofar ofishin, amma babu wata hanyar.