Abin da Ya Gifta Saman Bene

Da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa mutum ya faɗo daga saman bene. Kafin Insifekta ta isa an lulluɓe gawar da tamfol, 'yan unguwa kuma sun gama yanke hukunci: wani abu ne ya zo daga sama ya ture shi.

Insifekta mace ce gajera, marar son surutu. Ta ɗaga tamfol. Mamacin mai haɗa sola ne, ɗamarar aiki na nan a ƙugunsa, igiyar da ke riƙe shi ta biyo shi har ƙasa. Ta bi igiyar da hannu zuwa ƙugiyar ƙarfen da ake maƙalawa a turken rufi. Igiya ba ta tsinke ba, ƙugiya ba ta karye ba. Irin mai murɗawa ce, kuma a warware take.

"Wa ke aiki da shi?"

Wani ya matso, idanunsa jajur. Dogo ake ce masa, yayan matar mamacin ne kuma abokin aikinsa.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Na sauka sayo noti, na dawo na tarar da wannan. Jirgin nan ne marar matuƙi, na mai hoton bakin titi. Shi ya kashe mana shi."

"Ka gani?"

"Mutane sun gani."

Kantin maganin da ke kallon benen yana da kyamara. Suka taru a bayan kanta, ita da Sajan, abokin aikinta, da mai kantin, Dogo na tsaye a bakin ƙofa. Kyamarar ba ta kama saman rufin ba, sai gefensa da ɗan sarari. Wani baƙin ɗigo ya shigo daga hagu, ya tsaya cak, ya yi walƙiya, ya wuce. Jim kaɗan mutum ya faɗo.

"Duron ne, jirgin nan marar matuƙi," in ji Sajan.

"Shaho ne," in ji mai kantin. "Kullum suna shawagi a nan."

"Shaho yana walƙiya? Haba malam."

"Leda ma tana walƙiya in rana ta doke ta," Insifekta ta ce. "Maimaita."

Aka maimaita har idonta ya fara yaji. Da an ƙara girman hoton sai ya farfashe, abin ya koma kamar ƙuda a jikin gilashi. Wata tsohuwa da ta zo sayen maganin tari ta leƙa, ta ce wannan ba abin duniyar nan ba ne, ta fita ba ta karɓi maganin ba.

"In dai duron ne, aiki ya zo da sauƙi," Sajan ya ce. "Da ido suke yawo. Duk abin da suka bi ta kansa sai sun ɗauka."

Insifekta ta waiwaya za ta yi wa Dogo tambaya. Ba ya wurin.

Mai Hoto kuwa, da suka je shagonsa na bakin titi, tun kafin a yi masa magana gumi ya jiƙa masa riga.

"Na sayar da shi tun bara, ranki ya daɗe."

Ta zagaya bayan teburinsa, ta ɗora hannu a kan wani batiri da ke jikin caja. Da zafinsa.

"Ka sayar da jirgi, kana cajin batirinsa?"

Aka tafi da shi.

Oga, shugaban ofishinsu, ya ji daɗi ƙwarai. Unguwa na tafasa, ga wanda ake zargi, ga ƙarya an kama a bakinsa. Ya ce gobe a kai shi kotu da tuhumar kisa.

"Oga, jirgi ba ya warware ƙugiya."

"Ki gaya wa alƙali. Gobe da azahar motar kotu za ta tashi, da shi a ciki."

Abin ya tsaya mata a rai. Maƙaryaci dai maƙaryaci ne, amma ba ta yarda shi ya yi kisan ba, kuma ta san wanda ya shiga motar nan da irin wannan tuhuma, sai ya yi furfura kafin ya ga ƙofar gidansa.

Da safe ta tafi gidan makoki. Matar mamacin na zaune a kan tabarma, muryarta ta dishe. Dogo na gefenta yana karɓar gaisuwa.

"Mijinki yakan hau rufi shi kaɗai?"

"Ko da wasa. Dokarsa ce, ɗaya yana bakin rufi, ɗaya yana tsugune a gindin turke. In wani zai sauka, tare suke sauka. Har dariya ake yi masa a kan haka."

Dogo ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, na kwana ina tunani. Abin nan tsuntsu ne. Ku saki bawan Allah, kada mu ɗauki alhakinsa. Ƙaddara ta riga fata. A rufe maganar kawai."

Matar ta juyo. "Yaya, jiya ba haka ka ce ba."

"Jiya zafin zuciya ne."

Insifekta ta yi musu ta'aziyya ta fita. Jiya jirgi ne, yau tsuntsu. Tsakanin jiya da yau abu ɗaya Dogo ya ƙaru da shi: ya ji cewa jirgin yana da ido.

Ta tarar da Mai Hoto a rakuɓe a kusurwar sel. Ta tsuguna daidai fuskarsa.

"Mota na jiran ka. Ni kaɗai na rage maka. Ina jirgin?"

Sai kuka ya ƙwace masa. Ya ce tallar sabon shago yake ɗauka, iska ta ja jirgin wajen benen, hoton da ke zuwa wayarsa ya ɗauke. Can jirgin ya dawo da kansa, kamar yadda aka yi shi. Yana kama shi ya ji kururuwa. Ya naɗe shi a buhu ya cusa a silin shago.

"Ni na kashe shi, ranki ya daɗe. Ina da 'ya'ya, shi ma yana da su."

"Ka kalli abin da ya ɗauka?"

"Ban iya ba."

"Hoto ya ɗauke a waya. A katin ajiyar hoto da ke cikin jirgin fa?"

Ya ɗago a hankali. "Kati ba ya tsayawa."

"To ka sani, in ya nuna kai ne, da hannuna zan miƙa shi kotu."

Ya share hawayensa. Sannan ya ce, "A ɗauko."

Direba ya riga ya tada mota lokacin da Sajan ya dawo da buhun. Insifekta ta sa aka kira Dogo da ƙanwarsa, wai su zo su sa hannu a rufe maganar. Aka zaunar da su gaban kwamfuta, Oga na tsaye ya harɗe hannu.

Rufin ya bayyana daga can sama, nesa ƙwarai, ta yadda jirgin ko inuwarsa ba ta taɓa kowa ba. Ga farantan sola a jere. Ga mutum a bakin rufi, ya jingina da igiya, ya ba da baya. A gindin turke kuma ga wani dogon mutum a tsugune. Ya ɗaga kai ya kalli jirgin, fuskarsa tar. Sannan ya sunkuya, hannunsa ya fara murɗawa.

Insifekta ta juya wajen Dogo.

"Noti ka je saya?" in ji Insifekta.

Da maganar Dogo ta fito, a guntule ta fito. Wani gida da ya yi wa aiki shi kaɗai ya kama da wuta, yarinya ta ƙone. Siririyar waya ya sa, kuma mamacin ya gano.

"Ya ce in ban kai kaina ba, da mun sauko shi zai kai ni. Ina tsugune sai ga abin nan a sama. Na ce ga wanda zai ɗauki laifin. Wallahi ban san yana gani ba."

Sajan ya ciro ankwa. Dogo ya miƙa hannu wajen ƙanwarsa, ta janye jikinta.

"Yaya," ta ce a hankali, "kai ka zo ka gaya mini ya mutu. Kai ka riƙe ni ina kuka."

Aka tasa shi gaba zuwa motar da ke jira. Insifekta ta karɓi makulli ta buɗe sel da kanta. Mai Hoto ya yunƙura ya tashi.

"Ba kai ba ne," ta ce.

Ya sa ta faɗa masa sau biyu.